Mujallar Ɗaliban Kwaleji: Me Muke Shukawa a Cikinta?

Ranar wata Asabar cikin hutun da ya wuce, wata tsohuwar ɗalibata wadda na koya wa Hausa shekara uku a babbar sakandare ta zo gaishe ni, ɗauke da mujallar da ƙungiyar marubuta ta kwalejin ilimin da take karatu ta buga. Bayan mun gaisa sai ta miƙo mini ita da hannu biyu ta ce, "Malam, ga tamu ta fito, a taimaka a duba mana." Na karɓa na sa albarka, na kuma yi alkawarin zan karanta ta daga bango zuwa bango. To, na cika alkawari, har sau biyu ma, kuma abin da na gani ne ya sa na ga ya dace in kawo wannan tsokaci gaban 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Ba zan ambaci sunan kwalejin ko na yaran da suka yi rubutu ba, domin kuwa ba tozarta wani na nufa ba, kuma duk wanda ya saba ganin irin waɗannan mujallu zai shaida cewa kusan duk kanwar ja ce.

Abin da zai fara ɗaukar idon mai karatu shi ne kyawun bugu. Takarda mai sulɓi ce, bango mai sheƙi, launi ko'ina. Sai dai kafin ka iso ga rubutun ɗalibi na farko, sai ka ratsa hoton gwamna, da na kwamishina, da na shugaban kwaleji, da na magatakarda, da na uban ƙungiya, sannan saƙonnin fatan alheri ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana faɗar abin da na gabansa ya riga ya faɗa. Kusan sulusin mujallar nan ya tafi. Na san dalili: waɗannan bayin Allah su ne suka taimaka da kuɗin ɗab'i, kuma yaba kyauta tukuici. Amma fa takarda mai sulɓin ce ta jawo tsadar da ta sa aka tafi roƙo, roƙon ya cinye shafuka, tsadar kuma ta sa ɗalibata ta shaida mini ba su san ranar da fitowa ta gaba za ta zo ba. Mujallar da ke fitowa sau ɗaya a zaman ɗalibi na shekara uku ba za ta koya wa kowa rubutu ba, domin wanda ya yi kuskure a wannan fitowa ba shi da wurin da zai gyara.

A nan ya kamata mu waiwayi tarihi kaɗan. A shekarar 1958 wani ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, J. P. Clark, tare da goyon bayan malaminsa Martin Banham, ya kafa wata 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, wato ƙaho. Da keken rubutu ake buga ta a kan sitansil, a gurza a inji, a haɗa 'yan shafukan a sayar wa ɗalibai da araha. Ba launi, ba hoton kowa. Duk da haka a cikinta waƙoƙin Clark na farko suka fito, su Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka yi rubutu a ciki, kuma Abiola Irele, wanda daga baya ya zama babban manazarcin adabin Afirka, ya taɓa riƙe editanta. Kafin ita akwai University Herald a kwalejin, inda Chinua Achebe ya fara fitar da gajerun labaransa daga 1950, har shi ma ya zama edita. Can Makerere ta ƙasar Yuganda kuwa akwai Penpoint, inda Ngugi wa Thiong'o, a lokacin yana amsa sunan James Ngugi, ya fara buga labaransa, kuma a 1965 malaminsu David Cook ya tace rubuce-rubucen mujallar ya fitar da su a littafi mai suna Origin East Africa. Ba ina cewa kowace mujallar ɗalibai sai ta haifi Achebe ba. Abin da nake nufi shi ne waɗancan mujallu sun ɗauki rubutun ɗalibi a matsayin dalilin wanzuwarsu, suna fitowa a kai a kai, kuma ana gardama a kan abin da aka buga.

To, mu komo ga tamu. Sashen waƙoƙin Hausa shi ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi ba ni wahala. Jigoginsu ba su wuce huɗu ba: illar shaye-shaye, muhimmancin ilimi, yabon uwa, da soyayya. Babu laifi a ko ɗaya daga ciki. Laifin yana wurin yadda aka warware su. Ɗauki waƙar shaye-shaye: baiti goma sha wani abu, 'yar ƙwar biyu, ta fara da kiran jama'a su saurara, ta lissafa sunayen kayan maye, ta ce suna haukatarwa, ta roƙi gwamnati da iyaye su tashi tsaye, ta rufe da addu'a. Babu mutum ko ɗaya a cikinta. Ban ga wani yaro da ya kasa tashi lacca ba, ban ga uwar da ke ɓoye kuɗin cefane a ƙarƙashin tabarma ba, ban ji ko warin ɗaki ba. Kuma na tabbata mai waƙar nan ya san irin wannan yaro, wataƙila ma gadonsu na kusa da juna a ɗakin kwana. Ya bar abin da idonsa ya gani ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji a wurin taro.

Sai matsalar amsa-amo da kari. Yawancin yaran sun fahimci cewa ɗango ya ƙare da harafi iri ɗaya, amma sun ɗauka iyakar waƙa ke nan. Saboda haka sai ka ga an jawo kalma da ƙarfin tsiya an dasa ta a ƙarshen ɗango don kawai ta ƙare da "ya" ko "na", ko da ma'ana ta karye. Kari kuwa babu ruwansu da shi: wannan ɗango gajere, na biye da shi dogo kamar layin mai. Maganin wannan ba ya buƙatar sanin aruli mai zurfi. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta. Duk wanda ya taɓa jin ana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, ko ya ji muryar Aƙilu Aliyu yana karanta tasa, ya san kunne ne ma'aunin farko. Da editocin sun tara mawaƙan nan a aji ɗaya da yamma, kowa ya miƙe ya rera tasa, da rabin gurguntakar ta bayyana tun kafin a kai wa mai ɗab'i, domin inda harshe ya yi tuntuɓe nan ɗango ya karye. Ina yin haka da 'yan ajina, kuma dariyar abokai takan gyara abin da jan birona ya kasa.

Waƙa guda ce ta tsira, ita ma 'yar gajeruwa, wadda wata ɗaliba ta yi wa kakarta mai saƙa faifai. Ba ta ce kakar jaruma ce ko fitila ce ba. Ta siffanta yatsunta, da yadda take jiƙa kaba a tsohuwar tasa, da yadda yanzu ido ya yi rauni har sai jika ta zaɓa mata launi. Karinta ya zauna, kuma ɗango na ƙarshe bai yi wa kowa wa'azi ba. An buga ta can ƙasan shafi, ƙarƙashin wata doguwar waƙar yabon shugaban sashe.

Gajerun labaran su ne inda kwaikwayo ya fi fitowa fili. Uku daga ciki labari ɗaya ne aka sauya wa sunayen taurari: kyakkyawar budurwa fara doguwa mai dara-daran idanu, saurayi ɗan hamshaƙin attajiri da ya dawo daga karatu a waje, mota mai baƙin gilashi, uba mai taurin kai, sannan hatsari ko ciwon zuciya a asibiti. Wani kuma ya kai mu har bakin kabari, sa'an nan ya ce wai ashe mafarki yake yi, ladan ne ya tashe shi. Wannan dabara ta mafarki ta tsufa, kuma cin amanar mai karatu ce: ka sa shi ya ba da hankalinsa shafi huɗu sannan ka ce masa duk wasa ne.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu ganin littattafan soyayya su ne suka kashe adabin Hausa. Muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano ta wuce, kuma ko wanda ya fi kowa suka ya yarda cewa littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu sun sa dubban mutane karatun Hausa. Ni kaina da irinsu na saba da karatu ina yaro. Amma su Hajiya Balaraba daga rayuwar da suka sani suka ɗebo, auren wuri da kishi da sakin wulaƙanci, shi ya sa rubutunsu ke da zafi. Wanda ya zo bayan shekara talatin yana kwafar kwafen kwafensu, sai ya zama kamar shayin da aka ƙara wa ruwa sau uku.

Kuma kwaikwayo a karan kansa ba abin kunya ba ne ga mai koyo. Manazarta sun daɗe da nuna yadda waƙoƙin Clark na farko ke ɗauke da sawun mawaƙin Ingila Gerard Manley Hopkins, haka nan da yawa daga ɗaliban Ibadan na wancan zamani sun yi ta bin salon mawaƙan Turawan da aka koya musu a aji. Marigayi Abubakar Imam, wanda bai wuce shekara 22 ba lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya ɗebo daga littattafan Larabci, kuma a Magana Jari Ce ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Amma duba abin da ya yi da su: ya tuɓe musu rigunansu ya sa musu na Hausa, ya zaunar da su a kasuwa da fada da zauren malam, har mai karatu ya rantse a garinsu abin ya faru. Yaranmu kuwa akasin haka suke yi, su ɗauki Bahaushen da suka sani su kai shi wani gida mai hawa uku da ba su taɓa shiga ba, shi ya sa ba sa iya gaya mana ko mene ne a cikin ɗakin ban da "kayan alatu na gani na faɗa".

Yanzu bari in zo ga labarin da ya sa na ce wahalar karatuna ba ta tafi a banza ba. Wani ɗalibi ne ya rubuta shi a kan watannin da aka tura shi koyon aikin koyarwa a wata makarantar ƙauye. Tauraron labarin, sabon malami mai ji da kansa, ya ƙudura sai ya kawar da makara. Akwai wani yaro da kullum sai an gama taron safe yake isowa, ƙafafunsa jiƙe, kuma kullum malamin sai ya zane shi. Yaron ba ya kuka, ba ya ba da uzuri. Ran nan malamin ya tashi da zazzaɓi bai je makaranta ba, yana kwance da hantsi sai ya ji motsi a bayan ɗaki, ya leƙa ta taga, sai ga yaron nan yana juye ruwa a randarsa. Ashe mai unguwa ne ya ɗora wa gidansu yaron ɗebo wa baƙon malami ruwa daga rijiya mai nisa, kuma ruwan da malamin ke wanka da shi kowace safiya kafin ya je ya ɗauki bulala, shi ne dalilin makarar.

Wannan labari ne na gaske, ko da ƙirƙira ne. Marubucin ya san wurin, ya san nauyin jarka, ya san yadda ɗan ƙauye ke sunkuyar da kai gaban malami. Ya dasa jiƙaƙƙun ƙafafun tun a shafin farko bai yi bayani ba, ya bar mu mu tuna da su da kanmu. Tattaunawarsa gajera ce, irin ta mutane. Na yi shekaru ina riƙe da alli, kuma sai da na ajiye mujallar na yi shiru, ina tuno fuskokin waɗansu da na hukunta ban tambaya ba.

Amma kash! Bayan yaron ya juye ruwa, maimakon marubucin ya ajiye alƙalami, sai ya ƙara sakin layi biyu yana bayyana mana darasin da ke ciki: malamai su riƙa bincike kafin hukunci, gwamnati ta gina rijiyoyin burtsatse, iyaye su daina sa yara aiki da safe. Duk gaskiya ne, kuma duk sun rage wa labarin ƙarfi, kamar mai ba da dariya da ya tsaya yana fassara abin dariyar. A gwada shi da labarin da Achebe ya rubuta yana ɗalibi a 1953, Dead Men's Path, wanda daga baya ya shiga littafinsa Girls at War na 1972. Shi ma a kan malami ne mai ɗoki, wani sabon hedimasta da ya toshe wata tsohuwar hanya da ta ratsa harabar makaranta, wadda mutanen ƙauyen suka yi imani ita ce hanyar kakanninsu da suka mutu da ta jariran da za a haifa. Dattijon garin ya zo ya yi masa magana, ya ƙi ji. Bayan kwana biyu wata mace ta mutu wurin haihuwa, gari ya waye an tattake furanninsa an rushe ɗaya daga gine-ginen makarantar, kuma a ranar ce Baturen duba makarantu ya iso ya rubuta mummunan rahoto a kansa. Nan labarin ya tsaya. Achebe bai fito ya gaya mana wa ke da gaskiya ba. Shi ma fa a lokacin yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sa'an mai labarin randa. Abin da ɗalibinmu ya rasa shi ne editan da zai ja layi a kan sakin layin nan biyu ya ce masa, labarinka ya ƙare a bakin taga.

Zane-zanen mujallar su aka fi zalunta. Hoton bango wani farin hannu ne riƙe da alƙalamin gashin tsuntsu, wanda kowa ya san daga intanet aka ɗauko, alhali kwalejin tana da sashen koyar da zane. A ciki akwai fuskoki da aka zana da fensir, yawancinsu na 'yan fim, an kwafo daga hoto. Hannun yaran yana da kyau, sun iya inuwa da haske, amma abin da kyamara ta riga ta yi ne suka maimaita. Sai can shafi na kusa da ƙarshe, a wani ɗan lungu tsakanin tallar shagon buga takardu da wasan kacici-kacici, na tarar da wani zane da biro: famfon ɗakin kwanan ɗalibai da asuba, babu mutum ko ɗaya, sai dogon layin bokitai da jarkoki da tulu guda, kowanne yana riƙe wa mai shi layi, wani a fashe an ɗaure da roba, wani an rubuta masa lambar ɗaki. Famfon ba ya zuba. Duk wanda ya yi makarantar kwana zai gane wurin nan take, har ya ji sanyin safiyar. An ƙanƙance shi bai kai tafin hannu ba, kuma ba a sa sunan wanda ya zana ba.

Abin takaicin shi ne a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga manyan yunƙurin ɗaliban zane na Afirka. A 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, wadda ta narke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu domin sun gaji da kwaikwayon zanen Turawa zalla. Manufarsu ita ce a riƙe dabarun da aka koya a aji, amma a koma gida a ɗebo siffofi da labarai. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Onobrakpeya kuwa shi ya zana hotunan littafin Cyprian Ekwensi An African Night's Entertainment na 1962, labarin da manazarta suka nuna kusancinsa da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ka ga marubuci da mai zane sun haɗu a aiki ɗaya ke nan. Ɗalibanmu na zane suna kewaye da zanen bangon soraye, da aska takwas a wuyan riga, da zanen hula, da sassaƙar ƙwarya, da ƙunshin lalle, amma ko a gefen shafi ban ga alamar ɗaya ba. Kuma ba wanda ya yi tunanin ba mai zanen bokitai labarin randa ya karanta ya zana masa hoto, ga shi kuwa ruwa ne ya haɗa su.

Ƙa'idojin rubutu ba zan daɗe a kansu ba, don ciwon ya zama ruwan dare. Babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ a mafi yawan shafuka, har wata baiwar Allah ta so ta ce an yi mata ɓari ta rubuta bari. Ana raba "yana" gida biyu, ana haɗe "shi ne" wuri ɗaya. A mujallar kwalejin da ke yaye malaman Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waɗannan yaran ne gobe za su tsaya gaban allo.

Idan aka tambaye ni, duk waɗannan matsaloli wuri ɗaya suka taso, wato an buga duk abin da aka kawo. Ɗalibata ta tabbatar mini ba a mayar wa kowa da rubutunsa ba, wai don kada a ɓata wa wani rai, wasu ma sun ba da gudummawar kuɗi. Edita da ba ya iya cewa "koma ka gyara" mai tara takardu ne kawai. Imam kansa ya zauna da East a Zariya ana yi masa gyara, bai zama abin kunya gare shi ba. A nan ne nake ganin mu 'yan ƙungiya muna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi. Kusan kowane gari da muke da reshe akwai kwaleji ko babbar sakandare. Mutum ɗaya daga cikinmu da zai ba da yammacin Asabar ɗaya a wata ya zauna da editocin ɗalibai, su karanta abin da aka kawo da babbar murya, su zaɓi biyar su mayar da goma da bayanin dalili, ya wadatar. Shafi goma sha shida a farar takarda ta yau da kullum, sau uku a shekara, ya fi wannan mai sheƙin amfani nesa ba kusa ba.

Na mayar wa ɗalibata da mujallar cike da jan biro. Ta juya shafukan ta ga nata labarin, ɗaya daga ukun nan masu mota mai baƙin gilashi, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko in ta sake wani zan duba. Na ce ta rubuta mini a kan layin awo na unguwarsu inda mahaifiyarta ke sayar da ƙuli-ƙuli, ta kuma nemo mini sunan wanda ya zana bokitan nan.